In ƙura ta rufe baƙin rami ruf, ta yaya ake ganinsa da eksare?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin fiziks ne, ina aji uku a jami'a. Na karanta cewa akwai manyan baƙaƙen ramuka a tsakiyar galaksi waɗanda gas da ƙura suka rufe su gaba ɗaya, amma wai ana nazarinsu da eksare daga sararin samaniya. Abin ya ɗaure min kai. In dai an rufe abu ta ya za a ce an gan shi? Kuma eksaren mu muke harbawa kamar na asibiti ko yaya? Sannan me ya sa dole sai an kai na'urar sama? Dan Allah a yi min bayani."

Wa'alaikumussalam ƙanina, Allah ya yi wa karatu albarka. Tambaya uku ka haɗa a wuri ɗaya, wato daga ina eksaren yake fitowa, me ya sa ba a iya kama shi daga ƙasa, sai kuma babbar cikinsu, ta yaya mutum zai tsaya ya ce akwai abu a bayan shingen da idonsa bai ratsa ba. Bari in fara sallamar mai sauƙin: babu abinda muke harbawa. A asibiti inji ne yake samar da eksare ya ratsa jikinka ya faɗa kan faranti, amma a nan abin da muke nema shi da kansa yake fitar da eksaren, namu kawai mu shimfiɗa tarko mu jira ƙwayoyin hasken da suka yi tafiyar miliyoyin shekaru su faɗo ciki.

Abinda ke ci a tsakiyar galaksi

Kusan duk wani babban galaksi, wato tarin biliyoyin taurari, yana da ƙaton baƙin rami a cibiyarsa, wurin da ƙarfin jansa ya kai ko haske baya iya kuɓuta, namu na Milky Way nauyinsa ya kai na rana sau miliyan 4, wasu kuma suna kai biliyoyi. Shi ramin kansa baya fitar da haske. Amma in ya samu gas yana zubowa, gas ɗin ba ya faɗawa kai tsaye, sai ya yi faifai yana juyawa yana gogar juna har ya yi zafin da yake haskawa fiye da taurarin galaksin gaba ɗaya a wasu lokutan. Tunda kai ɗan fiziks ne ga lissafin da zai nuna maka girman abin: rana tana mayar da kusan kashi 0.7 cikin 100 na nauyin haidirojin da ta ƙona zuwa makamashi, shi kuwa gas ɗin da ke gangarawa cikin baƙin rami yana iya bada kusan kashi 10 cikin 100. Cibiyar galaksin da take cikin wannan hali na ci da haskawa ita ake kira AGN.

Faifan yawanci hasken ultrabayolet yake fitarwa. Eksaren daga wani ɗan ƙaramin wuri yake zuwa dab da ramin, ana ce masa korona, inda ilektiron suke da zafin da ya kai wajen digiri biliyan 1, in ƙwayar haske daga faifan ta yi karo da su sai su ƙara mata ƙarfi ta koma eksare. Shi ya sa muke son eksare sosai a wannan sana'ar, don taurari na yau da kullum ba su da ƙarfinsa, in ka ga tsakiyar galaksi tana zubo eksare mai yawa to da wuya a ce ba baƙin rami bane ke ci.

Matsalar ita ce abincin ramin shi ne kuma labulensa. Gas da ƙurar da suka taru a kewayensa suna yin wani kauri kamar zobe, in Allah ya sa ta saman zoben muke leƙowa sai mu ga komai fes, in kuwa ta gefe ne shikenan an rufe mu. Wanda ya fara tabbatar da wannan su ne Antonucci da Miller a 1985, da suka duba galaksin NGC 1068, wanda ake kuma kira M77, mai nisan kusan shekarun haske miliyan 47. Kai tsaye ba a ganin alamun gas mai gudun tsiya da ke kusa da ramin, amma da suka tace hasken da ya bugi wani abu a sama da zoben ya karkato zuwa gare mu, sai ga alamun sun fito ɓaro-ɓaro. Wato abin yana nan, mu ne muke tsaye a inda ba a gani. Kuma M77 ɗin nan yana kusa da tsakiyar sama sosai, daga Kano ko Zinder a daren Nuwamba ko Disamba da ƙaramin madubin hangen nesa zaka iya samunsa, ɗan hazo-hazo ne kawai a ido.

Wane eksare ne ke wucewa, wane ne ke maƙalewa

Nan ne ainihin amsar tambayarka take, don haka zan ɗan daɗe. Eksare ba iri ɗaya bane, muna auna ƙarfin kowace ƙwaya da ma'aunin makamashi da ake kira keV. Mai rauni, irin na ƙasa da 2 keV, da ya gamu da atam na oksijin ko silikon ko ƙarfe a cikin gas ɗin sai atam ɗin ya haɗiye shi ya fidda ilektiron. Amma yiwuwar haɗiyewar nan tana faɗuwa da sauri in ƙarfin ƙwayar ya ƙaru, kusan kamar ɗaya bisa E sau E sau E, kaga in ka ninka ƙarfin sau 10 yiwuwar ta ragu kusan sau 1000. Kenan shingen da ya shanye na 1 keV tas, na 20 keV zai iya ratsa shi. Ka lura kuma da wani abu da mutane ke yawan cakuɗawa: ƙura ita ke kashe hasken da ido ke gani, amma eksare yawan gas ɗin da ke kan hanya ne ke damunsa.

Muna auna kaurin shingen da adadin atam ɗin haidirojin da ke kan hanya a kowane murabba'in santimita, muna kiransa NH. In ya wuce 10^22 sai mu ce AGN ɗin a rufe yake. In ya kai 1.5 × 10^24 an shiga wani babi daban, don a nan ko ƙwaya mai ƙarfi da ta tsere wa haɗiyewa sai ta yi karo da ilektiron ta kauce hanya ta rasa wani ɓangare na ƙarfinta, wato warwatsuwar Compton da kuka yi a aji. Lambar ma ba daga sama ta faɗo ba, ɗauki ɗaya ka raba da faɗin Thomson, wato girman filin da ilektiron ɗaya ke tare wa haske, murabba'in santimita 6.65 × 10^-25, zaka same ta da kanka. Waɗannan su ake kira masu kaurin Compton, kuma su ne ainihin ciwon kanmu. In NH ya haura 10^25, kamar na NGC 1068, kusan babu abinda ke fitowa kai tsaye ko da mai ƙarfin ne.

Yanzu ka ninka 1.5 × 10^24 da nauyin atam ɗin haidirojin, zaka samu kusan giram 2.5 kacal a kan kowane murabba'in santimita. Iskar da ke saman kanmu kuwa ta fi giram 1000 a kan murabba'in santimita ɗaya, nauyin ruwa mai zurfin mita 10 kenan, kuma naitirojin da oksijin ne waɗanda suka fi haidirojin iya shan eksare nesa ba kusa ba. Toh ka ga amsar tambayarka ta dalilin kai na'urar sama. Ko kan dutse mafi tsawo ka kai na'urar babu abinda zata kama, dole roka ko tauraron ɗan adam, ko balan-balan mai tashi can ƙololuwar iska in mai ƙarfin ake nema. Rahama ce a gare mu da iskar take tare shi, amma ga mai wannan binciken ita ce ta sa fannin bai fara ba sai bayan an iya harba roka.

A 1962 Riccardo Giacconi da abokan aikinsa suka harba roka da na'urar kama eksare, suka gano tauraron Sco X-1, sannan suka ga wani abu da ba su zata ba: ko ina ka juya a sama akwai wani shimfiɗaɗɗen eksare da ke zuwa. Ya samu kyautar Nobel a 2002. Tauraron ɗan adam na farko da aka keɓe wa eksare kuwa daga Afirka aka harba shi, daga wani dandamali a gaɓar tekun Kenya ranar 12 ga Disamba 1970, ranar bikin 'yancin ƙasar, shi ya sa aka sa masa suna Uhuru, wato 'yanci da harshen Swahili. Da aka ci gaba da auna wancan shimfiɗaɗɗen eksaren sai aka ga ya fi ƙarfi a wajen 30 keV, alhali in ka tara duk AGN ɗin da ake gani a fili ba su bada wannan siffar. Setti da Woltjer a 1989 suka ce to lallai akwai ɗimbin AGN da aka shanye masu eksare mai rauni, mai ƙarfin ne kawai ya tsira, su ne suka yi wannan tudun. Tun daga nan ake farautarsu.

Na'urorin da muke aiki da su

Chandra na NASA da XMM-Newton na hukumar sararin samaniyar Turai duk a 1999 aka harba su, kuma har yau muna cin moriyarsu. Chandra idonsa ya fi na kowa kaifi, yana rarrabe abubuwan da ke tsakanin rabin sakan na kusurwa (sakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin 3600 na digiri), da shi ne aka gano cewa NGC 6240 ramuka biyu ne ke ci a cikinsa duk a rufe, aka sanar a farkon shekarun 2000. XMM-Newton kuma ya fi tara ƙwayoyi da yawa. Sai dai dukansu biyun suna tsayawa ne a wajen 10 keV, daidai inda labarin masu kaurin Compton ke fara daɗi. Akwai na'urar BAT a kan tauraron Swift na 2004 da ke share sama gaba ɗaya daga 14 zuwa 195 keV, amma bata tattara haske da madubi, don haka masu haske sosai na kusa kawai take kamawa.

Wanda ya canza mana aiki shi ne NuSTAR, aka harba shi 13 ga Yuni 2012 ƙarƙashin jagorancin Fiona Harrison ta Caltech, da roka da aka saki daga cikin jirgin sama a yankin Kwajalein. Eksare ba ya dawowa daga madubi in ya buge shi gaba da gaba, sai dai ya goge shi a kwance ya ɗan karkata, kuma iya ƙarfinsa iya ƙanƙantar kusurwar da ake buƙata. NuSTAR yana da madubai 133 cikin juna a kowane ido, an shafe su da sirararan shimfiɗu na filatinam da kabon, da tangistin da silikon, sannan akwai sanda mai tsawon mita 10 da ta miƙe bayan an isa sama ta raba madubin da kyamarar. Da wannan yake tattara eksare daga 3 zuwa 79 keV, kuma 79 ɗin ma filatinam ne ya yanke, don daga wajen 78 keV shi kansa yake fara shanye hasken. Yana zagaya duniya ne kusa da saman layin ikwaita, babbar tashar da ke sauke bayanansa tana Malindi a Kenya.

Alamomin da muke bi

Ka ɗauka dare ne, an hura wuta a tsakar gidan maƙwabcinka, katanga ta tare ka baka ganin harshen wutar amma kana ganin haskenta yana rawa a jikin bangon ɗakin da ke can ciki. Daga wannan hasken zaka san akwai wuta, har ka ƙiyasta girmanta. Aikinmu kenan. Eksaren korona yana bugun ɓangaren zoben da ke can ɗaya gefen ya dawo, kuma wannan dawowar tana barin tambari guda biyu. Na farko layin ƙarfe, wato tsinin da ƙwayoyi masu ƙarfi iri ɗaya ke yi a zanen bayanai, a 6.4 keV, wanda atam ɗin ƙarfe mai sanyi ke fitarwa bayan eksare ya fizge masa ilektiron na ciki. A AGN da ke fili layin ɗan ƙarami ne don hasken kai tsaye ya danne shi, a rufaffe kuwa da aka kashe hasken kai tsayen sai ya miƙe zanƙalƙal, ma'aunin ƙarfinsa in an kwatanta da hasken da ke gefensa yana kaiwa wajen 1 keV ko fiye. Na biyu tudun Compton tsakanin 20 da 30 keV, ƙasa da nan an haɗiye, sama da nan karo da ilektiron ya rage masu ƙarfi, sai tsakiyar ta taso.

In na buɗe bayanan NuSTAR, abu na farko da nake yi shine in duba hoton kyamarorin biyu, FPMA da FPMB, in tabbatar babu hasken wani abu na gefe da ya zubo ciki, sai in zana da'ira a kan galaksin in zana wata a fili don cire hasken da ba daga galaksin yake ba. Daga nan in zuba su a manhajar XSPEC in gwada masu layi mafi sauƙi. AGN na fili gangarensa, wato saurin raguwar ƙwayoyi yayin da ƙarfinsu ke ƙaruwa, yana fitowa wajen 1.8 zuwa 2, in na ga ya fito ƙasa da 1, a shimfiɗe, ga kuma ɗan tsini a 6.4, gabana yakan faɗi don daɗi wallahi, don nasan akwai abu a ɓoye. Wani lokacin ƙwayoyin da ka samu bayan an kalli wurin yini guda ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kowace ɗaya tana da daraja, kuma a irin wannan ƙarancin ba a gwada dacewar layin da lissafin kai-sukwaya da aka saba, sai da lissafin Cash da aka tsara don ƙwayoyi kaɗan.

Sai kuma shaida daga waje. Makamashin da zoben ya shanye ba ɓacewa yake ba, ƙurar tana ɗumama ta fitar da shi a infared. A AGN na fili hasken infared na tsakiya da na eksare suna tafiya tare, to in ka samu galaksi yana ƙuna a infared amma eksarensa na 2 zuwa 10 keV ya yi ƙasa sau 50 ko 100 da abinda ya kamata, ka sa masa alama. Ni dai ra'ayina a nan a fili yake: duk sakamakon da aka gina a kan ƙasa da 10 keV kaɗai ina taka-tsantsan da shi ne har sai an samu na sama da 10, don na sha ganin galaksin da aka ɗauka mai rauni ne a fili, da bayanai masu ƙarfi suka zo sai ya zama ƙato ne a rufe.

Su nawa ne, kuma ina hanyar take gazawa

Ƙidayar tana da wuya don tarkon da kansa yana da son kai, wanda ya fi rufuwa shi ya fi kuɓucewa. A ƙidayar BAT ta watanni 70, Ricci da abokan aikinsa a 2015 sun samu kashi 7.6 cikin 100 ne masu kaurin Compton, da suka gyara lissafin don waɗanda tarkon ke zubarwa sai ya koma wajen 27. Wani binciken da Peter Boorman ya jagoranta, aka fitar a farkon 2025, ya bi ta wata hanya, ya zaɓo galaksi daga bayanan infared na tsohon tauraron IRAS na 1983 sannan aka bi su da NuSTAR, ya samu wajen 35. Kuma ba sai an je nesa ba, NGC 1448 shekarun haske miliyan 38 ne kawai tsakaninmu amma sai a 2017 aka sanar da tabbacin cewa ramin cikinsa mai kaurin Compton ne. Abin yana damuna a raina, don in kashi ɗaya cikin uku na ramukan da ke ci basa cikin littafinmu, to labarin da muke bayarwa na yadda suka girma, da yadda suke hura gas waje su hana galaksi haifar taurari, da giɓi a cikinsa. Akwai ma alamun cewa lokacin da galaksi biyu ke dab da gama haɗewa, lokacin da ramin ya fi samun abinci, a lokacin ne ya fi rufuwa.

Iyakar hanyar kuwa dole in faɗa maka ita. Ba ma ɗaukar hoton zoben da eksare, ya yi ƙanƙanta, na'urar hangen nesa ta rediyo mai suna ALMA ta auna na NGC 1068 bai wuce 'yan gomman shekarun haske ba. Abinda muke yi shine mu zana zoben a kwamfuta, mu harba masa ƙwayoyin haske na lissafi, mu kwatanta da abinda aka kama, da samfura irin su MYTorus da borus02 da UXCLUMPY. In shingen ya yi kauri sosai, samfuri biyu zasu iya dacewa da bayanai ɗaya daram amma su baka ainihin hasken ramin da ya bambanta sau 10, don ƙaramin rami da babban bango da kuma babban rami da ƙaramin bango duk haske ɗaya suke aiko maka. Kuma zoben ba sumul yake ba, gajimare ne curi-curi masu motsi. A NGC 1365 Chandra ya ga wani curi ya rufe korona ya kuma wuce cikin 'yan kwanaki, a NGC 1068 kuma a watan Agusta 2014 NuSTAR ya ga eksaren sama da 20 keV ya ƙaru na ɗan lokaci, aka fassara shi da cewa gajimaren ne ya ɗan yi sirara ramin ya leƙo. Na nesa sosai kuwa, ko hoton Chandra mafi zurfi da aka tara sakan miliyan 7 a wuri ɗaya, mai ɗauke da abubuwa kusan 1000, da yawansu ƙwayoyin da aka samu basu isa a yanke hukunci mai ƙarfi a kansu ba. Ni aikina ya fi karkata ga na kusa, inda ake samun ƙwayoyi da ɗan dama.

Ana samun taimako daga sababbin wurare. XRISM na Japan da aka harba a Satumba 2023 yana rarrabe ƙarfin ƙwaya har zuwa wajen 5 eV (keV ɗaya eV 1000 ne), kenan daga faɗin layin ƙarfen za a iya auna gudun gas ɗin a san nisansa da ramin. A Nuwamba 2022 kuma na'urar IceCube da ke binne cikin ƙanƙarar Antatika ta bada sanarwar shaidar wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira nutirino kusan 79 daga wajen NGC 1068, su kuwa nutirino babu shingen gas da ke tare su.

In kana son taɓa abin da hannunka ƙanina, baka buƙatar komai sai laftof mai Linux da data mai ɗan yawa. Bayanan NuSTAR da Chandra da XMM-Newton da aka saki duk kyauta ne, rumbun HEASARC na NASA a buɗe yake ga kowa, manhajar HEASoft mai ɗauke da XSPEC ita ma kyauta ce. Fara da NGC 4945, yana da nisan kusan shekarun haske miliyan 12 kuma NH ɗinsa 'yan ninki ne na 10^24, wato ya rufu amma ba har can ba. Ka raba bayanan gida biyu, ƙasa da 10 keV da sama da 10 keV, ka zana hasken kowanne a kan lokaci. Na ƙasan zaka gan shi kusan a tsaye don dawowa ce daga bango mai nisa, na saman kuma yana hawa yana sauka cikin sa'o'i don shi ne ya ratso kai tsaye daga korona. In ka kai nan ka turo min hoton zanen mu duba tare, sai mu shiga maganar samfuran zobe.